Motar Kawu mai ɗaki: yadda aka ɗauke ta a ƙofar gida a Garwa, da yadda ta dawo

Ƙofar gidan Kawu a Garwa, can arewacin Kamaru, an gina ta ne tun zamanin da ƙaramar mota yake hawa. Magini ya gitta kankare a samanta, ya yi masa zane, ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana za a zo da motar da tsayinta ya kusa mita 3. Ranar da ta iso, direba ya karya kai zai shiga, yara suka sa ihu, ya taka birki saura tafin hannu goshinta ya daki kankaren. Tun daga ranar a waje take kwana, gindin darbejiyar da ke bakin titi. Duk abin da zan faɗa daga nan ya samo asali.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ke riƙe masa lissafi da duk abin da ya shafi waya. Na rubuta wannan ne saboda masu motocin da ke kwana a waje, musamman waɗanda aka ce musu da zarar an saka tiraka, na'urar da ke nuna inda mota take a waya, shi ke nan, a je a yi barci. Mu ma haka aka ce mana.

Motar da aikinta

Mota ce mai ɗaki, irin wadda masu Faransanci ke kira kamfin-kar: gaba wurin direba, baya gado da ɗan madafi da firji da makewayi. A Turai yawon hutu ake yi da ita. Kawu kuwa malamin dabbobi ne da ya yi ritaya ya buɗe shagon magani, kuma kasuwarsa ba a cikin gari take ba. Lahadi yana Pitowa, Alhamis yana Adumri wajen masu shanu, tsakani kuma yana bin rugage. Firjin ne ya ja shi ga motar. Da yawa daga alluran rigakafin dabbobi sanyi suke so, digiri 2 zuwa 8, Garwa kuwa a Maris da Afrilu zafi na haura 40. A da cikin kula da ƙanƙara yake ɗaukar allura, kafin azahar ƙanƙarar ta zama ruwa. Da wannan motar, sola biyu a rufi, batir biyu a akwatin gefe, firji na aiki dare da rana, shi kuma ya kwana kusa da maganinsa.

Tsohuwa ce, an ɗora ɗakin a kan Fiat Ducato, wanda a kansa ake gina yawancin irin waɗannan motoci a Turai. Ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, aka tuƙo ta ta Yawunde da Ngaundere, daga can kuma kusan kilomita 280 zuwa Garwa. Duk garin nan ban san wata irinta ba, abin da ya sa muka ɗauka ba mai taɓa ta, don ina za a ɓoye ta?

Akwai wani abu da muka yi mata da hannunmu tun kafin maganar alam, wato jiniyar tona ɓarawo, ta taso. Motocin Turai suna zuwa da makulli mai ɗan guntun lantarki a ciki, in ba shi aka zura ba inji ba ya tashi. Tun 1998 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wannan a sababbin motoci. Tamu ma da shi ta zo, amma makulli ɗaya tak aka ba mu, kuma ya ɓace a kasuwa cikin watannin farko. Bakanike ya ce mafi sauƙi a cire kod, wato wancan tsarin lantarkin da ke tantance makulli, a yanka makullin ƙarfe zalla. Mota ta tashi, kowa ya yi hamdala. A ranar muka raba ta da kariyar da ta fi kowace ƙarfi a jikinta, muka kuma biya ladan aikin.

Sauran raunin nata na haihuwa ne. Tagogin ɗakin roba ne, ba gilashi ba, maƙallansu ma roba. Sukundireba ɗaya ta ishe su. Makullin ƙofar ɗaki da na akwatunan gefe ba su fi na kabad ba. An ƙera ta ne don filin hutu mai shinge da mai gadi, ba don bakin titi ba.

Abin da muka fara sakawa

Wani shago a cikin gari muka je, aka saka mana alam da tiraka a yini ɗaya. A bakin hanya aka yi aikin, yaran shago huɗu ko biyar suna miƙa kaya, masu wucewa suna tsayawa kallon ɗaki a cikin mota. Aka cusa tirakan a ƙarƙashin sitiyari, bayan roba, kusa da akwatin fiyus, domin a nan wayoyin wuta suka fi kusa. Kusan duk tirakan garin nan a wannan wurin yake. Mai sakawa ya sani, ɓarawo ma ya sani.

Yana da kyau a fahimci abin da ke cikin ɗan akwatin, don rashin fahimtarsa ne ya ci mu daga baya. Abu biyu ne a haɗe. Ɗaya kunne ne, yana sauraron taurarin GPS na Amurka da ke shawagi sama da kilomita 20,000 daga ƙasa. In ya ji huɗu daga cikinsu ya san inda yake. Ɗayan baki ne, wato layin waya irin na aljihunka, MTN ko Orange ko Camtel, da shi yake faɗa maka abin da ya ji. Mutane da yawa sun ɗauka tauraro ne ke nuna musu mota a waya. Layin ne. In katinsa ya ƙare, ko aka shiga inda babu sabis, tiraka ya san inda yake sarai, amma ya zama bebe.

Alam ɗin kuwa Kawu ne da kansa ya ce a ƙure masa ji, ko ƙuda ya sauka yana so ya sani. Aka ƙure. Babbar motar auduga ta wuce, jiniya. Akuya ta goga jiki a taya, jiniya. Akwai kuma wani ido a cikin ɗakin da ke lura da motsin iska, shi ko labule ya kaɗa sai ya tashi unguwa. Dare ɗaya sai ta yi kuka sau uku, sau huɗu. Makon farko mutane na fitowa da tocila da sanda. Mako na uku ba mai ko leƙowa. Wata asuba bayan an sallame, maƙwabcinmu ya riƙe hannun Kawu a ƙofar masallaci, ya ce, "Alhaji, wallahi da kunya nake faɗa, amma mai jegon gidana ba ta runtsawa." Kawu bai kai gida ba sai da ya kira aka zare wayar jiniyar. A kasuwanni dama ba ya kunna ta, tunda a ciki yake kwana, juyi ɗaya zai yi a gado ta tashe shi.

Saura tiraka kaɗai, da Baba maigadi wanda shaguna biyar yake gadi a layin, motar ta shida.

A cikin bazarar aka ɓalle akwatin gefe da dare, aka ɗauke batir biyu da inbata. Kafin a lura firji ya huce, allurar mako guda ta lalace. Na buɗe waya ina nuna wa Kawu ɗigon motar a taswira, bai motsa ko taku ɗaya ba tun magariba. Ya dube ni ya ce, "To ɗana, mota ai ga ta nan ina gani da idona. Batir fa?" Ban da amsa. Tiraka gangar mota yake bi, ba ruwansa da abin da ke cikinta, alhali a irin wannan motar rabin dukiyar a ciki take.

Gyara na biyu

Direbobin motocin shanu ne suka haɗa mu da wani dattijo mai wayarin. Sharaɗinsa na farko, a kai motar gidansa bayan la'asar, a rufe ƙofa, ba yaro ko ɗaya. Mu uku ne a wurin: shi, Kawu da ni.

Na ɗauka tirakan farko zai cire. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya mayar da robar, ya ce, "Alhaji, wannan ka bar shi. Ɓarawo in ya shigo sai ya nema. In bai samu ba zai ci gaba da nema, in ya samu hankalinsa ya kwanta." Ya saka na biyu a can cikin ɗakin, wurin da ba zan faɗa ba. Jikin ɗakin a wannan ɓangaren ba ƙarfe ba ne, saƙon tauraro na ratsa shi. Ƙarfe ne ke toshe wa tiraka kunne, shi ya sa wanda aka binne a cikin ƙarfen mota yake yawan ɓatan kai. Ya ja masa wuta daga batirin ɗaki maimakon na inji, ga kuma ɗan batirinsa na ciki ko da an yanke. Layin da aka saka masa na wani kamfani ne daban da na farkon, don inda sabis ɗin wannan ya gaza wataƙila na wancan ya kai.

Sai rile. Ɗan makunni ne da ake gittawa a wayar da ke kai wuta ga famfon mai, ka aika umarni daga waya ya yanke. Dattijon ya ɗauke shi daga tirakan farko ya mayar kan na biyu, ya kuma ja kunnena cewa irin waɗannan na'urori ba sa yanke mai sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20 a awa, don kada mota ta mutu tana tsaka da gudu ta hallaka bayin Allah a hanya. Muka zana wa motar shinge a taswira, kewayen layinmu, ta fita daga ciki waya ta sanar.

Alam ɗin ya sauke masa ji, ya kashe idon cikin ɗaki, ya bi ƙofofi da akwatunan gefe ya manna musu maganaɗisu, sai an buɗe take kuka. Da haka Kawu zai iya kunna ta yana kwance a ciki. Aka canza jiniya mai batirin kanta. Mai walda ya yi wa sababbin batir keji, muka sayo sandar kulle sitiyari. Tagogi ne muka ce sai wani watan, kuɗi sun yi ƙasa. Abu na ƙarshe da ya sa mu yi ba na lantarki ba ne: ambulan ɗaya, a zuba kwafin kat-giris, wato takardar rajistar mota, da inshora da hotunan motar ta kowane gefe da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, a ajiye a gida, ba a cikin mota ba.

A tsakanin nan ɗan Kawu da ke karatu a Faransa ya aiko da AirTag, wani ɗan abu kamar kwabo da ake bin sawun kaya da shi ta waya, ya ce can kowa shi yake sakawa. Apple ya fito da shi a 2021, kuma a inda aka yi shi dominsa yana aiki. Amma ba shi da GPS, ba shi da layi. Jira yake wani mai iPhone ya gitta kusa da shi, wayar wancan ta kai labari. A babbar kasuwa ko wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya zai samu masu wucewa. A hanyar ruga wa zai samu? Ga shi kuma an tsara shi ya tona kansa: iPhone na gargaɗin mutum in baƙon AirTag na bin sa, wayoyin Android ma sun fara haka tun 2023. Muka jefa shi ƙarƙashin katifa a matsayin ƙari. Daren da aka buƙace shi bai ce uffan ba.

Daren

Farkon damina ne, daren Juma'a. Kawu ya dawo daga Adumri a gajiye bayan isha, ana ruwa, an ɗauke wuta. Ya saka sandar sitiyari, ya kulle ƙofa da makulli, ya ruga cikin gida. Bai danna rimot ɗin alam ba. Watannin da jiniya ta yi a cire sun raba hannunsa da sabon. Baba maigadi kuma ya fake a rumfar shagon ƙarshe, can ɗaya bakin layin.

Ta tagar ɗaki suka shiga, tagar da muka ce sai wani watan. Sandar sitiyari ba su wahalar da kansu a kanta ba, zoben sitiyarin suka yanka da zarto suka zare ta, don zoben ya fi sandar laushi nesa ba kusa ba. Suka fizge tirakan farko, suka sauke birkin hannu, suka tura ta. Layinmu yana da ɗan gangare. Sai da suka yi nisa da gida suka haɗa waya suka tada inji, abin da ba zai yiwu da sauƙi haka ba da kod ɗin na nan.

A nan laifina ya shigo, kuma ba zan rage shi ba. An saita tirakan farko ya aiko da saƙo ga wayar Kawu da tawa da zarar an yanke masa wuta. Bai aiko ba, domin katin layinsa ya ƙare kwana tara kafin nan. Ni ke saka masa duk wata, na sha'afa, tunda kullum na biyun nake buɗewa in ga ɗigo yana nan in rufe. Na biyun ya yi aikinsa, ya sanar cewa mota ta fita daga shinge. Amma sanarwar ta manhaja ce, ɗan ƙara ɗaya take yi, wayata kuma tana falo a jikin fawa-banki, ni ina ɗaki. Na'ura ta yi magana, ba kunnen da ya ji.

Mai shayin mahaɗa ne ya gani. Yana kaiwa dare saboda direbobin manyan motoci. Ya ɗaga kai ya ga farin abu ƙato yana tahowa ba fitila, ba ƙarar inji, mutane na turawa. Ya san Kawu ba ya ba kowa tuƙin motar nan. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗauraye kofuna har suka wuce, sannan ya shiga bayan teburinsa ya kira Kawu.

"Tashi ɗana, sun ɗauke ta." Da wannan na farka. Da na buɗe waya, tsakanin sanarwar farko da lokacin da idona ya sauka a kanta minti 25 ne. Ɗigon ya riga ya bar gidajen ƙarshe, yana kan hanyar Gashiga.

Duk ɗan Garwa ya san ma'anar wannan hanyar. Iyakar Najeriya ba nisa, 'yan gomomin kilomita ne, Yola ma ai kogin Binuwai ɗaya muke sha da ita. Layukanmu biyu ba wanda aka buɗe wa aiki a ƙetare. Suna tsallakawa, ko ma kafin nan in sabis ya yanke, mun makance. Hannuna na rawa na aika umarnin yanke mai. Amsa ta dawo cewa an karɓa, ana jiran gudu ya sauka. Suna kan 55. Ina kallo ɗigon ya ƙara gaba kaɗan, sai ya tsaya cak, agogon da ke gefensa ya daina canzawa. Ba tsayawa motar ta yi ba, sabis ne ya ɗauke.

Minti 11 ya yi a haka. A cikinsu ƙofar gida ta cika, samarin unguwa sun fito da babura da sanduna, kowa na cewa a bi su tunda an san hanya. Kawu ya tsaya a gabansu da jallabiyar barci, ya ce, "Na gode, Allah ya yi muku albarka. Mota in ta tafi Allah ya musanya. Amma ba zan kai ɗan wani daji da daren nan ba." Wanda ya rayu a arewacin Kamaru zamanin zargina, masu tare hanya, ba ya ɗauka cewa ɓarawon dare hannu sake yake tafiya. Tiraka na iya kai ka har inda motarka take, ya kuma kai ka gaban bindiga. A duk abin da aka yi a daren, wannan hukuncin na Kawu ne na fi girmamawa.

Muka kira 113, lambar jandarma, muka ɗauki ambulan muka tafi ofishinsu a kan babur cikin yayyafi. Amfanin ambulan ɗin a nan na gan shi: ba a ɓata lokaci ana tambayar lamba kaza, launi kaza ba, komai na kan tebur. Jami'in ya ce, yanzu tana ina? Na juya masa wayar, sai na ga ɗigon ya yi tsalle. Tiraka in ya rasa sabis yana tara bayanan a cikinsa, ya samu ya zubo su gaba ɗaya. Ga layin tafiyarsu ya fito: 50, 40, sai 12, sai sifili. Sun iso inda ruwa ya cinye hanya, dole suka rage gudu, rile ya samu abin da yake jira.

Da gari ya fara wayewa muka isa tare da jandarmomi. Tana gefen hanya, hanci a cikin ciyawa, bonet a buɗe. Sun farke gaban motar gaba ɗaya, wayoyi na reto kamar hanji. Sun gane akwai wani abu na biyu, sun neme shi inda aka saba sakawa. A ɗaki sun kife katifa, sun ɓalle ƙofofin kabad. Kejin batir ya lanƙwashe amma bai ba su ba. Sun tafi da tukunyar gas, da na'urar cajin sola, da akwatin sirinjin Kawu wanda ya fi shekara 20 a hannunsa. Firji a buɗe, kwalaben allura a warwatse cikin taɓo, ga sawun babura biyu sun yi yamma. Kawu ya durƙusa yana tsintar kwalaben ɗaya bayan ɗaya, yana goge su da bakin riga, ko da yake ya fi kowa sanin sun riga sun tashi daga aiki.

Aka jawo ta, ta yi kwanaki a hannun hukuma kafin a gama takardu. Har yau da nake rubutu ba a kama kowa ba.

Maganar da ta fi yawo a unguwa ita ce da ɗan gari akan ci gari, wai yaran shagon farko ne, tunda an tafi kai tsaye inda tiraka yake. Ban yarda a ɗora wa kowa ba, Kawu ma ya hana. Wurin da aka saka shi wuri ne da duk mai taɓa wayar mota ya sani, kuma rabin kasuwa sun kalli aikin a ranar. Zato zunubi ne. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne aikin ɓoyo ba a yin sa a bakin titi.

Bayan ƙura ta lafa

Na zauna da bayanan tirakan na bi daren minti bayan minti. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda nasarar ta rataya a kan abubuwan da ba mu muka shirya su ba: mai shayi bai tashi da wuri ba duk da ruwan, hanya ta lalace daidai inda sabis ya dawo. Da rani ne, hanya a bushe, da sun riƙe gudunsu har inda layinmu ba ya kaiwa. Minti 25 ɗin da wayata ta yi tana haske ita kaɗai a falo, da an ji ta tun farko, da rile ya kama su tun suna tura mota da hannu a cikin unguwa, inda gudunsu bai kai na mai keke ba.

Sannan ba su zo da na'urar toshe saƙo ba. Akwai ta, ƙarama ce, a ramin kunna sigari ake soka ta. Saƙon tauraro kafin ya iso ƙasa ya yi rauni ƙwarai, ƙaramar hayaniya ta ishe ta danne shi, wasu kuma har layin waya suke toshewa. Da da ita suka zo, umarnina ba zai isa ba sam. Dattijon ya ba mu magani biyu. Ɗaya, a saita manhaja ta ɗauki shirun tiraka a matsayin ƙararrawa, in ya yi minti kaɗan bai yi magana ba a kira mu. Ɗayan, wani ɓoyayyen makunni na hannu a hanyar mai, wanda ba ruwansa da tauraro ko sabis. Kawu ya sauka ya kashe, in ba a kunna ba mota ba ta zuwa ko'ina. Shi ne ya maye mana gurbin kod ɗin da muka cire.

Tunanin da muka yi da farko, cewa ba mai satar abin da ba ya ɓoyuwa, shi ma ya rushe. Ba wanda zai hau ta ya yi yawo. Yanka ta za a yi a wani kango cikin kwana ɗaya ko biyu: inji ya tafi cikin wata motar haya, giya da tayoyi su bi, sola da firji su shiga kasuwa. Interpol na da ofishin yanki a Yawunde, tana da rumbun motocin sata da ake bincika da lambar shasi, kuma yana da kyau a kai rahoto a shiga ciki. Amma wannan mota cikakkiya yake kamawa a kan iyaka ko wajen rajista, ba firji a teburin ɗan gwanjo ba.

Sanarwa yanzu ba ta manhaja kaɗai ba ce. Kira take yi, ga lambobi uku: ta Kawu, tawa, da ta Baba maigadi, wanda muka saya wa ƙaramar waya mai ƙara. Layukan biyu an yi musu rajista da katin shaidar Kawu, ba da sunan mai shago ba, don in an rufe layi shi ne zai iya zuwa ya farfaɗo da shi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan aika wa kowannensu saƙo in jira amsa, in duba katinsa, in rubuta a littafin lissafi kusa da cinikin mako. A irin wannan dubawar ce muka tarar ɗan batirin cikin tirakan ya kumbura. Zafin Garwa a cikin rufaffiyar mota ba ya barin irin waɗannan batir su yi tsawon rai, sai an riƙa canzawa bayan kowace bazara. Layin tiraka na biyun an buɗe masa aiki a ƙetare, kuɗinsa ya fi, amma Kawu na shirin kai magani Kusiri, daga can gadar Ngeli kawai ce tsakaninsa da Injamena, inda Airtel da Moov ke da gari. Tagogi an yi musu sanduna ta ciki, aka bar ɗaya mai buɗuwa da sakata saboda gobara, tunda mutum na kwana a ciki da tukunyar gas.

Mai shayi ya ƙi karɓar ko dala. Kawu ya matsa, mai shayin ya ce, "Haba Baba Alhaji, kai da ka yi wa tumakin tsohuwata allura ba ka karɓi komai ba?" Sai Kawu ya sa aka ja masa wayar sola ɗaya da ƙwan fitila biyu a teburinsa, yanzu mahaɗar na da haske ko an ɗauke wuta.

Ƙofar gida kuwa, mako biyu bayan motar ta dawo Kawu ya kira magini. Ya auna, ya ce yini biyu ne, a fasa kankaren a ɗaga ginshiƙai a ƙara wa ƙyauren tsawo. Kuɗin da ya faɗa bai kai na batir biyun da aka fara sacewa ba. Goggo, matar Kawu, ta ɗan yi jimamin zanen, don tun aurensu yake nan. Ranar da siminti ya bushe Kawu ya shigar da ita da baya, ni ina gefe ina ba shi hannu, saman solar ya wuce da tazarar kamu ɗaya. Ya kashe inji, ya sunkuya ya kashe makunninsa, ya sauko ya danna rimot, jiniya ta yi ƙara ɗaya gajere. Laraba da dare kuma ya kama hanyar Adumri, inda za ta kwana a fili a bakin kara, shi yana ciki.